Rediyon da Inna Ta Zaɓa

Shekarar da Baba ya rasu, bayan Inna ta fita takaba, na je Tsamaye na ɗauko ta na kawo ta gidana a Isa, inda nake koyarwa a makarantar firamare. Ba ta so tahowa ba, amma babu wanda ya rage a gidan da zai kula da ita, ga shi damina biyu a jere ruwa na ɗaukewa tun gero bai fid da kai ba. Kayanta ba su da yawa. Cikin abin da ta rungumo da hannunta, ta hana a ɗora a bayan mota, har da tsohon rediyon Baba, mai eriyar da aka ɗaure da zare.

A ƙetaren iyaka aka haifi Inna, a wani ƙauye yamma da Maraɗi. Aure ne ya kawo ta wajenmu. Duk Gobir ce, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, amma ƙauyensu daban ne a zuciyarta, kuma ƙanenta, Kawu, yana can yana noman gonar mahaifinsu. A Tsamaye rediyon Baba yana kamo wata tasha ta can. Da hantsi, in damina ta kama, manoma kan buga waya su faɗi inda aka yi ruwa da inda ba a yi ba, a yi sanarwar rasuwa da suna da dabbar da ta ɓace. Ta nan Inna take sanin halin da garinsu yake ciki.

Da muka iso Isa ta kunna, sai shuuu kawai. Ta ja eriya, ta zagaya tsakar gida da shi, ta ɗora shi kan katanga. Tashar ba ta kawowa nan. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta naɗe shi cikin zane ta tura ƙarƙashin gado, ta rage magana.

Na ce mata ai ga waya, a kira Kawu duk lokacin da take so. Muka yi ta kira. Sai dai Kawu, ko gidansa na ci da wuta, amsarsa guda ce.

"Lafiya lau, Yaya. Alhamdu lillahi."

"An yi ruwa?"

"Ana sa rai."

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Wanga tun shina yaro haka yake. Ko kunama ta halbe shi, lafiya lau za shi ce maka."

Wani abokin aikina ne ya nuna mini cewa tashar tana fita ta intanet. Na kunna mata a wayata wata Asabar da hantsi. Ta ajiye tsintsiyar hannunta, ta zauna a bakin ƙofa ta saurara har aka gama, ba ta ko gyara zama ba. Amma shirin da hantsi ake yi, ni kuwa lokacin ina aji, wayar tana aljihuna. Na gwada bar mata ita a gida. Yatsun Inna sun sha fartanya da taɓarya har sun yi kanta, in ta shafa fuskar wayar ba ta amsawa, in ta danna da ƙarfi sai wani abu daban ya buɗe. Matata tana taya ta, amma ita ma tana da ɗinki da girki, Inna kuma ba ta son kiran surukarta kowane lokaci don abin da take ganin ba dole ba ne.

Akwai wani mai shagon wayoyi da kayan sola a Sabon Birni da muka yi sakandare tare. Na ba shi labari, ya ce akwai akwatin rediyo da ake yi don wannan, yana kamo tashoshi ta intanet ko daga ina suke. Shi ma bai taɓa sayar da irinsa ba, amma zai sa a aiko masa daga Kano mu gani. Bayan wani lokaci ya kira ya ce an kawo iri uku, in zo ran kasuwa in duba.

Ina shiri da safe sai na ga Inna ta fito da mayafinta na fita unguwa.

"Inna, ina zuwa?"

"Inda za ka. Ni ma za ni."

"Hanyar ba daɗi, ga rana. Ki bari in ɗauko miki."

Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, Malam take ce mini. Ta ce, "Malam, ni ka jin shi, ni ka zaɓe. Kunnena ba shi jikinka."

Muka shiga mota. Ban manta hanyar ranar ba. Lokacin ya kamata a ce gero ya kai gwiwa, amma gonaki hagu da dama jajaye ne, shukar da ta fito ta naɗe ganye ta kwanta. Muka wuce garken shanu ana kora su kudu, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota. Inna tana kallo ta taga tana salati a hankali.

Mai shago ya tarbe mu da fara'a. Ya kawo mata kujera da ruwan sanyi, ya ce, "Inna, da kanku? Sannunku da hanya." Ya jera rediyoyin a kan tebur, ya haɗa su da intanet ɗin wayarsa, ya nemo tashar garinsu a kowanne.

Na farko babba ne baƙi, mai lasifika biyu, da rimot. Da ya kunna sai da masu wucewa suka waiwayo. Muryar mai gabatarwa ta cika shagon, tana girgiza gilashin kanta. Inna ta karkata kai ta ɗan saurara.

"Mutumen ga cikin rijiya yake?"

Mai shago ya yi dariya, ya rage ƙarar. Ta ce har yanzu ba muryarsa ba ce, ta san muryarsa, ba ta da kauri haka. Ni kuma na tambayi abin da yake ci. Wutar lantarki kawai, ba shi da batir. A unguwarmu kuwa wuta sai ta yi makonni ba ta leƙo ba. Aka matsar da shi gefe.

Na biyu shi ya ɗauki hankalina. Ƙarami ne fari, gabansa duka gilashi, sunayen tashoshi suna fitowa da hotuna, ana shafawa suna wucewa. Na tsaya ina duba ƙasashen da ke ciki, har na fara hango kaina ina jin labaran duniya da yamma. Murya kuma tas. Na ce, "Inna, wannan fa ya yi."

Ta miƙa yatsa ta shafa. Bai motsa ba. Ta goge yatsan a mayafi ta sake. Sai ya tsallaka wata tasha da ake kiɗa da wani yare. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

"Ƙanen wayarka ne," in ji ta. "Bai san ni ba."

Na uku mai shago bai ma sa shi a gaba ba. Kamarsa ɗaya da rediyon da kowa ya sani: ruwan toka, da marikin ɗauka, da abin murɗawa a gefe, da jerin maɓallai a sama, da eriya. Ɗan gilashinsa bai fi akwatin ashana ba. Ya ce yana da batir da ake cajinsa da sola, kuma kowane maɓalli ana iya ajiye masa tasha guda, da an danna ta fito. Ya kunna. Muryar ba ta kai ta sauran ƙarfi ba, siririya ce kaɗan. Lokacin wata mata ce ta bugo waya tana cigiyar tunkiyarta mai baƙin kunne. Inna ta rufe ido.

"Wagga matar ta wajenmu ce," ta faɗa ba ta buɗe idon ba. "Ji yadda taka jan magana."

Ta jawo rediyon gabanta. Ta murɗa, ƙara ta ƙaru. Ta mayar, ta ragu. Ta murɗa har ya yi ƙas ya mutu, ta sake kunnawa. Ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta juya bayansa. Sannan ta fara tambaya, ba ni take tambaya ba, mai shago.

"Ɗana, in na kai shi bakin turmi, shina yi?"

"Shina yi, Inna, in dai cikin gida ne." Ya nuna mata wata 'yar na'ura kamar sabulu, da ake sa mata layin waya. Ya ce ita ke jawo intanet ta ba rediyon, sai an haɗa da ita, kuma kada a yi nisa da inda take.

"In abin naku ya ɗauke fa? Ina jin Malam kullum shina cewa babu sabis."

Na zaci zai lallaɓa ta. Ya ce, "Gaskiya in ya ɗauke, ba ku jin garinku sai ya dawo. Amma wanga shina da eriya, sai ku ja ku ji na Sakkwato kafin nan. Waɗancan biyun, in ya ɗauke, sun zama duwatsu."

"Shina ci da yawa?"

"Murya ce kawai, ba hoto. Kaɗan yaka ci."

Ta dafa rediyon ta ce, "Wanga."

Na sake duban farin nan sau ɗaya, na ce to.

Abin da mai shagon nan ya yi bayan haka shi ne har yau nake yi masa addu'a. Ran kasuwa ce, mutane sun taru a ƙofa, wani na son caja, wani na son a duba masa batir. Ya ba su haƙuri. Ya ajiye tashar garinsu a maɓallin farko, ya aro jan farce wajen mai kayan kwalliya da ke kusa da shi ya ɗiga a kai don ta gane shi. Ya kashe komai ya ce ta yi da kanta tun daga farko. Ta yi ta kuskure. Ya sake nuna mata, bai taɓa karɓe shi daga hannunta ba. Sai da ta kunna ta kamo tashar ita kaɗai, ta maimaita har ta gamsu, sannan ya sa a kwali. Ya ce in ta je gida ta ga bai yi mata ba, a maido, ba komai.

A gida sai muka tarar sabis ba ya shiga ɗakin Inna. Muka yi ta yawo da 'yar na'urar har matata ta gano yana da ƙarfi a kusurwar da darbejiya take. Ta sa ta cikin ɗan ƙoƙo, ta yi masa rataya da igiya, ta saƙale a reshe. Kowace safiya ita ke ciro ta daga caji ta rataye, Inna kuma ta shimfiɗa tabarma a inuwar.

Labarin da rediyon ya riƙa kawowa ba mai daɗi ba ne. Ƙauye bayan ƙauye, mai waya zai ce hadari ya haɗu iska ta watsa shi. An fita roƙon ruwa. Rijiya ta ja baya. Samari sun tafi cin rani tun lokaci bai yi ba. Ina dawowa daga makaranta in tarar da ita ta yi tagumi. Wata rana na ce, "Inna, ko a riƙa sa miki karatu a madadin wannan? Na ga yana tayar miki da hankali."

Ta ce, "Ko ban ji ba, ba ya hana shi faruwa. Gara in sani in san wa za ni roƙa wa Allah."

Akwai wata Bafulatana daga wajen Turba da take kawo mana nono. A shekarar nan ƙwaryarta ta koma rabi, don 'ya'yanta maza sun tafi da shanun kudu neman ciyawa, an bar mata saniya guda. Wata rana ta tarar ina laluben tashoshi, na faɗa kan wata da ake Fillanci, daga can wata ƙasa mai nisa. Ta sauke ƙwaryar ta tsaya. Ta ce Fillancinsu ya ɗan bambanta da nata amma tana ji, maganar kiwo suke yi, su ma fari ya taɓa su. Inna ta ce in ajiye mata ita a maɓalli na biyu. Daga nan duk ranar da ta zo, in an gama shirin garin Inna, sai Inna ta danna na biyun ta tura mata rediyon. Inna ba ta jin ko kalma, amma takan zauna tare da ita har ta tashi.

Ana cikin haka, wata ranar Lahadi ina gida, aka ambaci sunan ƙauyensu. Wani mutum ne ya bugo. Inna ta ɗaga mini hannu in yi shiru, ta ce ɗan maƙwabcinsu ne. Ya ce sun shuka ya ƙone, sun sake ya ƙone, yanzu ga shi an samu ruwa mai kyau shekaranjiya, ƙasa ta jiƙu, amma yawancin gidaje babu iri. Wanda ke kasuwa kuma ba a san asalinsa ba, ga lokaci ya tafi.

"Kira man shi," in ji Inna.

Na kira Kawu na ba ta.

"Lafiya lau, Yaya."

"Ka shuka?"

"Ana shiri."

"Da mi za ka shuka? Na ji ɗan gidan maƙeri da kunnena. Kana da iri ko ba ka da shi?"

Can ya ce, "Babu, Yaya."

A ɗakin Inna akwai wasu zangarniyoyin gero da ta zo da su daga Tsamaye, ta rataye a rufi. Daga girbin Baba na ƙarshe ta zaɓe su, irin gajeren geron nan mai saurin nuna. Ta hana kowa taɓawa, ni ma na sa rai da su za ni shuka gonar Tsamaye baɗi. Ta sa matata ta sauko da su. Na ce, "Inna, damina ta yi nisa. In ya ƙone can, mun rasa duka." Ta ce za ta bar mini kaɗan, sauran kuwa ƙasar da ta jiƙu ita ke da haƙƙinsu. Su biyu suka sussuke a ranar, suka sheƙe, aka ɗure a buhu. Washegari da sassafe wani mai babur da ya san hanyoyin daji ya ɗauka. Kafin la'asar Kawu ya bugo da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce saƙo ya iso, ya ɗiba ya raba wa gidaje na kusa.

Daga nan sauraron Inna ya canza. Tana jiran sunan ƙauyen kamar mai jiran baƙo. Akwai makon da sabis ya ɗauke gaba ɗaya, ta ja eriya tana jin tashar Sakkwato tana tsaki, kullum da safe sai ta danna jan maɓallin ta ji ko ya dawo. Da ya dawo, labarin farko da ta samu shi ne an ƙara ruwa a wajensu. Ba a yi damina mai albarka ba, kada in ƙara gishiri. Amma gajeren geron ya kai, sun samu abin da ya riƙe su wasu watanni, sun kuma fid da iri.

Shekarar da ta biyo, mu abin ya faɗa wa. Na shuka Tsamaye da ɗan abin da Inna ta bar mini, ruwa ya ɗauke ana tsakiyar noma, ban ɗaure ko dami ɗaya na kirki ba. Su kuwa can sun samu dama-dama. Bayan girbi, wata Alhamis da azahar, na ji babur ya tsaya a ƙofar gida ana sallama. Na fita na ga dattijo ya sauko, fari fat da ƙurar hanya, an ɗaure buhuna biyu a baya. Kawu ne, rabona da shi tun ina saurayi. Inna ta fito ba ko takalmi. Suka tsaya suna duban juna, ita ta fara magana.

"Ka tsufa."

"Ke ma, Yaya."

Ya ce buhu ɗaya nasa ne, ɗayan kuma gidajen da ya raba wa iri ne suka haɗa, kowa ya zuba abin da ya iya, na ci daban, na shuka daban a ƙulle. Matata ta shiga ɗaki tana share ido.

Ya kwana biyu wajenmu. Ran Asabar da hantsi suna zaune ƙarƙashin darbejiya, Inna ta kunna masa tashar garinsu. Ya yi ta mamaki, yana leƙa bayan rediyon. Da aka buɗe layin masu sauraro ya ce in ara masa wayata. Na nemo masa lambar, muka yi ta gwadawa har ta shiga. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula kamar suna ganinsa. Ya yi sallama, ya faɗi ƙauyensu, ya ce yau daga Isa yake magana, a Najeriya. Ya ce mutanen garinsu su ji, saƙonsu ya iso hannun mai shi, kuma yana gode wa yayarsa a gaban kowa, Allah Ya saka mata, Ya jiƙan mijinta da ya noma geron.

Rediyon intanet yana ɗan jinkiri. Sai da Kawu ya gama ya miƙo mini wayar, sannan muryarsa ta fara fitowa daga akwatin, tun daga sallamar. Ya daskare a tsaye yana jin kansa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Da ya kai wajen godiyar ta leƙo ta ce, "Sau biyu ke nan ka tona ni. Zauna ka sha furarka."

Ya zauna ya sha. Da la'asar mai babur ya zo, muka raka shi har bakin titi.